Inna Iyatu da Ƙwan Zabinta

Idan ka taɓa karya kumallo da ƙwan zabi a teburin mai shayi a Dutse, cikin shekarun nan da aka ƙirƙiro jihar Jigawa, da wuya in ba na mahaifiyata ka ci ba. Sunanta Iyatu. Mu 'ya'yanta Inna muke ce mata, mutanen ƙauyenmu na Zangon Arzika kuwa Iyatu Mai Zabi suke kiranta. Ni ne autanta Abdulrauf, ita kaɗai ke ce min Ra'ufu. A gidan da ake kwashe ƙwai da ƙwarya aka haife ni, amma ban san ɗanɗanonsa ba sai da na shiga kwalejin horon malamai, gemu ya fara tsiro min. Ranar ma sai da na waiga hagu da dama kafin na kai shi baki.

Zabin asali na mahaifinmu ne. Da ya rasu aka zo rabon gado, kowa ya yi ta kauce musu, domin wahalar zabi ta fi namansu yawa. Inna ta ce a bar mata. Goma sha ɗaya ta karɓa, kafin in gama firamare sun fi ƙarfin ƙirga, in sun sauko daga kan tsamiya da safe har maƙwabta sai sun toshe kunne.

Zabuwa ba kaza ba ce. Ba ta yarda ta yi ƙwai a akurki, sai ta bi gona ta nemi gindin sabara ta ɓoye, kuma da damina kaɗai take yi. Inna kan fito da sassafe ta tsaya bayan danga tana sauraron kukan namijin, don inda ya tsaya yana gadi, nan kusa sheƙar take. Ba ta sa hannu a ciki, ta ce zabuwa na jin warin mutum ta ƙaurace. Da dogon ludayi take kwasowa, kuma kullum sai ta bar biyu. Waɗanda za a ƙyanƙyashe kuwa kaji take ba wa su kwanta a kai, tana mita wai zabuwa uwar banza ce, ba ta san reno ba. In 'yan zabin sun fito, sai ta kifa tsohuwar tukunya cike da kashin shanu da kara a bakin suri, da hantsi ta ɗauko ta cike da gara ta zazzage musu. Ta sha gaya min cewa ɗan zabo in ka bar shi da tsaba zalla, cikinsa zai cika amma ba zai kai kaka ba. Wannan ilimin nata ne, ba wanda ya koya mata, kuma a kan tsuntsu ya tsaya.

A kan ɗan mutum doka ɗaya gare ta: yaro ba ya cin ƙwai. Ba ita ta ƙago ba, haka ta ji daga uwarta, haka kuma rabin ƙauyen suka ji. Bambancin kawai, sauran mata ba su da ƙwan da za su hana, ita kuwa tana da shi. Ta ce daɗin ƙwai ya fi ƙarfin hankalin yaro. Yau ka ba shi, gobe ya leƙa akurkin gida, jibi na maƙwabta, daga nan sai akuya, daga akuya sai saniya. In tana lissafo wannan tsani, sai ka rantse ta taɓa raka wani tun daga matakin farko har kurkuku.

Da aka mai da Dutse babban birnin jiha a 1991, ma'aikata suka kwararo daga Kano, yawancinsu sun baro iyali a can. Masu shayi suka yawaita a kowace kwana. 'Yan sari suka gano hanyar gidanmu, suna zuwa da kwanduna da ƙaiƙayi a bayan keke. Inna ta yi rufin kwano, ta sayi rediyo. Rediyon nan kuwa shi ya ƙara mata hujja. Duk ranar da aka ce wani abin gwamnati ya yi ɓatan dabo, sai ta gyaɗa kai ta dube ni.

"Ka ji ko, Ra'ufu? Waɗannan ma'aikatan da girmansu ma suka fara cin ƙwai. Ina ga wanda aka fara ba shi tun yana rarrafe?"

Na ce, "Inna, ai ke kike sayar musu."

Ta ce, "Ni na ce su ci kullum?"

A lokacin na zama malamin firamare, na kama haya a Yalwawa. Cikin darussan da aka ɗora min har da kiwon lafiya. Ni da hannuna na zana babban kwali na rataye a bangon aji biyar, na raba abinci gida uku: mai ba da ƙarfi, irin su gero da dawa da rogo, mai gina jiki, irin su wake da gyaɗa da nono da kifi, da mai kare jiki daga cuta, irin su zogale da mangwaro. A tsakiyar gidan masu gina jiki na zana ƙwai ƙato, na shafa masa ruwan ɗorawa. Yara suna rerawa, ni ina kaɗa bulala. Duk wanda ya manta ƙwai yana gina jiki, sai ya sha biyu a tafin hannu. Ranar Asabar kuma in hau babur in tafi ƙauye, in durƙusa in gai da Inna, in ci tuwonta, ban taɓa ce mata uffan ba.

Na auri Hassana, Allah ya ba mu 'ya mace. Sunan Inna muka sa mata, shi ya sa ake kiranta Ummi. Inna kuwa Takwara take ce mata.

Ummi na da wata shida aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa, da daminar shekarar 2000. Mun yi murna, ni ma na je taron, na dawo murya a dishe. Inna ba ta je ba, amma ta riga ta ji a rediyo cewa a wata jihar an yanke hannun wani mutum a kan saniya. Tun daga ranar dokar ƙwai ta tashi daga al'ada ta koma kusa da farilla. Ta ce da can ɗauri ne, mutum ya yi wata shida ya fito da gaɓoɓinsa, yanzu kuwa hannu ne. Limamin ƙauyenmu, mutumin da ba ya mai da ƙwai in an soya masa, ya gaya mata a gabana cewa ya duba littattafai bai ga inda aka hana yaro ƙwai ba. Inna ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya ƙara wa Malam sani. Da ya fita ta ce, shi ai ya riga ya girma da hannuwansa biyu, yana iya faɗin abin da ya ga dama.

Ummi na da wata goma sha biyar Hassana ta samu ciki a kan goyo, abin da mata ke kira kwanika. A wurinmu nonon mai ciki guba ne ga yaro, don haka rana ɗaya aka cire ta. Kuma kamar yadda aka saba, gidan kaka ake kai yaye, uwa ba ta leƙawa sai yaro ya manta nono. Inna ta zo da kanta ta goya ta, tana ta yi mata kirari. Yarinyar a lokacin tana tafiya, tana kiran akuya, tana ƙwace duk abin da ta gani a hannun mutum. Farkon damina ne, zabi sun fara zuba ƙwai.

Ba zan yi wa Inna ƙarya ba, ba ta taɓa barin yarinyar nan da yunwa ba. Koko da safe, da sukari har cokali biyu. Koko da hantsi. Tuwo da miyar kuka da rana, an dama shi ya yi ruwa-ruwa. Koko da yamma. Nono ta ce na damina yana kawo zazzaɓi. Wake ta ce yana kumbura cikin yaro, ga shi ma ya ƙare a rumbu tun bazara. Ƙuli-ƙuli ta ce ina haƙoran. Nama kuwa sai ranar suna ko salla, kuma maza ake fara zuba wa. Ummi ta yi gudawa ta kwana takwas, aka ba ta jiƙo, ta tsaya. Bayan wata biyu da rabi sai ga saƙo ta bakin wani ɗan sari, wai a gaya wa Hassana ta kwantar da hankalinta, Takwara ta yi ƙiba har zoben ƙafarta ya matse an cire.

Asabar ɗin na je. Nan ne wurin da har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina. Ummi 'yar fari ce, kuma a wurinmu mutum ba ya ɗaukar ɗan fari a gaban iyayensa, ba ya kiran sunansa, ba ya ma nuna ya san da shi. Inna ta zaunar da ita a tabarma tsakaninmu, ni kuwa na kafa wa rumbu ido kamar ni na gina shi. Ta wutsiyar ido na ga kumatu sun cika sun yi sheƙi, ƙafafu sun yi dam. Gashin nan baƙi da na sani ya koma ja-ja, ya kwanta. Ba ta tashi ba, ba ta ƙwace hular da na ajiye kusa da ita ba. Ta dai zauna tana wani kuka ƙasa-ƙasa da ba hawaye.

Inna ta ce, "Ka ga yadda yarinya ke zama in ta samu hannu. Da ta zo kamar tsinke."

Na ce, "Allah ya saka da alheri."

"Gashin nan na kakata ne, Bafulatana ce. Sai yanzu jinin ya fito. Ga ta da natsuwa, duk ƙiriniyar birnin nan ta daina."

Na ce, "Haka ne."

Ban yarda ƙiba ce ba, domin na taɓa ganin hoto irin wannan a littafin kwaleji. Amma hoton na 'ya'yan wata ƙasa ne da ake yaƙi, ba na jikar Iyatu Mai Zabi ba. Na ci tuwo, na yi sallama, na hau babur. A zaure na wuce kwanduna huɗu cike da ƙwai suna jiran 'yan sari.

Da na dawo, Hassana ta tsare ni da tambaya, na faɗa mata abin da na gani kamar mai ba da labarin 'yar wani. Ita kuma da murnarta ta leƙa ta katanga ta gaya wa maƙwabciyarmu. Maƙwabciyar nan Kaneng ce, nas, mutuniyar Filato, ita da mijinta aiki ya kawo su Dutse tun farkon jiha. Tun da aka fara shari'a ta koma yafa gyale in za ta fita, kuma ta rage shiga maganar da ba tata ba. Amma ban gama cire takalmi ba sai ga ta ta yi sallama.

"Malam, gashin ja ne? Tana wasa?"

Na ce ba ta wasa, ta yi hankali.

"Yarinya mai shekara ɗaya da rabi ba ta hankali, Malam. Gobe Lahadi, in na fito coci za ka kai ni."

Na fara kawo mata zancen al'ada, cewa ba a bin yaye, kuma Inna za ta ga kamar an raina renonta. Kaneng ta yi min irin kallon da nake wa ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Ta ce in al'ada ta hana ni, in kwatanta mata hanya ta tafi ita kaɗai.

Mota muka shiga mu uku, har da Hassana da cikinta. Inna ta karɓe mu da fara'a, a zatonta an kawo baƙuwa ta ga ƙiba. Ummi ta ga uwarta ta kau da kai ta cusa fuska a zanen Inna. Kaneng ta durƙusa ta gaishe da tsohuwa yadda ya kamata, sannan ta ɗauki ƙafar yarinyar, ta danna babban yatsanta a saman ƙafar, ta ɗan jima, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ya zauna a lotse kamar an danna tuwo mai sanyi. Mu huɗu muka zuba wa ramin nan ido, bai ciko ba.

Kaneng ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. Wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Ciwon yunwa ne, tamowa."

Ban taɓa ganin fuskar Inna ta canja irin ta ranar ba. Ta ce, "Yunwa? A gidana? 'Yar nan, tashi ki leƙa rumbun can. Sau huɗu nake dama mata."

"Na yarda, Mama. Cikinta ya cika. Amma koko ƙarfi kawai yake bayarwa, ba ya gina tsoka, ba ya gina jini. Da nono ne yake yi mata wannan aikin, aka cire shi ba a sa komai a madadinsa ba. In aka ƙara sati biyu haka, ba za ki same ta ba."

Inna ta juyo gare ni tana jiran in kore wannan baƙuwa mara kunya. Na sunkuyar da kai na ce gaskiya ta faɗa. Hassana ta fashe da kuka. Inna ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi, ta goya yarinyar, ta ce in asibiti ne ita za ta yi jinya, tunda a hannunta abin ya faru. Ta bar wa maƙwabciya amanar zabi a tsakiyar lokacin ƙwai, abin da ba ta taɓa yi ba ko da rasuwa aka yi.

Kwana goma sha uku suka yi a asibiti. Madara aka fara ba ta, tsinkakkiya, cokali-cokali, kamar ana shayar da ɗan tsako. Da ruwan ya fara sauka, sai ƙibar da aka yi ta yi wa guɗa ta zube, abin da ya rage fata ce da ƙashi. Zoben ƙafar da ya matse, yanzu da an sa shi sai ya zame ya faɗi. A ɗakin akwai yara irinta fiye da goma, kusan duk an yaye su ne da bazara, kusan duk kakanni ne a gefen gadonsu. Inna ta bi su gado-gado da ido. Wata rana da Kaneng ta leƙo, ita da kanta ta tambaye ta.

"Wato kamar 'yan zabi ke nan da gara? Tsaba kaɗai ba ta riƙe su?"

Kaneng ta ce, "Mama, kin fi ni iya bayanin."

Na yi zaton an gama. Ashe ban san uwata ba.

Da aka sallame su, gidana suka sauka. Kaneng ta zauna ta lissafa abin da za a riƙa ba yarinyar: kunun gyaɗa, wake da aka cire wa ɓawo aka dafa ya yi laushi, dakakken kifi a miya, zogale, hanta in an samu, da ƙwai ɗaya kullum. Inna ta amince da komai, har da nonon damina. Da aka zo kan ƙwai ta ce a tsallake.

"Mama, shi ya fi sauƙin haɗiya, kuma shi kika fi kowa yawa."

"Kin ceci ranta, Allah ya biya ki. Hannunta kuma ki bar min."

Bayan Kaneng ta fita, na yi ƙarfin halin da ban yi ba shekara goma sha biyu. Na ce mata wannan magana ba ta da tushe, ba a littafin addini ba, ba a na boko ba. Na ce ni kaina kullum sai na koya wa yara cewa ƙwai yana gina jiki. Ta juyo ta tambaye ni.

"Tun yaushe ka san haka?"

Na ce tun ina kwaleji.

"Kana zuwa duk Asabar kana cin tuwona, ka ga na goyo 'yarka na tafi da ita, bakinka bai buɗe ba? To yanzu ma rufe shi. In ka ba ta ƙwai a bayan idona, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Wanda ba a haifa a irin gidajenmu ba zai ce me ya hana mu ba ta a ɓoye. Hassana ta gwada, don ita ba a ɗaure ta da rantsuwa ba. Amma yayen ya yi kyau fiye da yadda ake so: Ummi ta manta nono, ta manta mai nonon. Ko ruwa ba ta karɓa sai daga hannun Inna, kuma Inna ba ta sauke ta sai in za ta yi salla. Ga shi ciwon ya tafi da marmarin abinci. Wake ya dawo mata da gudawa aka dakatar. Kifi ta tofar. Kunun gyaɗa cokali uku take sha ta datse haƙora. Ina zaune a gidana, da albashina, da kwalin da na zana, ina kallon 'yata tana komawa inda ta fito, kuma tsoron bakin uwa ya hana ni motsi. Na ji haushin Inna a kwanakin nan, haushi na gaske, irin wanda ban san ɗa yana iya ji ba. Na fi jin haushin kaina.

Wata ɗabi'a Inna ta ɗauko daga asibiti. Kowace safiya bayan ta idar da salla, sai ta ɗauki ƙafar yarinyar ta danna da babban yatsa, ta ɗaga, ta duba. Kwana takwas wurin yana cikowa. Rana ta tara, ina ɗaura agogo zan tafi makaranta, na ji shiru ya yi yawa a tsakar gida. Na leƙo na same ta zaune a kan tabarma, ƙafar Ummi a tafin hannunta. Ramin yana nan, ƙarami, amma yana nan. Ta sake dannawa a ɗaya ƙafar. Shi ma ya zauna.

Ba ta ɗago ta dube ni ba ta ce, "Ra'ufu, mai shayin bakin titin nan, ƙwan wa yake sayarwa?"

Na ce galibi nata ne.

"Je ka karɓo ɗaya. Ka girgiza a kunne, kada ya ba ka na bara-gurbi."

Na fita ba hula. Da na dawo ta hana Hassana taɓawa, ita ta hura wuta, ita ta dafa. Matar da ƙwai dubbai suka bi ta hannunta, sai ga shi ɓawon wannan ɗaya ya gagare ta ɓarewa. Na miƙa hannu in taimaka ta buge shi. Ta ce in laifi ne, ita ta ɗauka, kada a rubuta shi a kan kowa. Ta murƙushe gwaiduwar a ɗan kwano da digon man gyaɗa, ta lakato a yatsa ta kai bakin yarinyar. Ummi ta yamutsa fuska, ta juya abin a baki. Muka zuba mata ido. Ta haɗiye. Can sai ta buɗe baki da kanta, abin da ba ta yi ba tun da suka dawo.

Ummi ta rayu. Ta yi wata biyu kafin ta sake tsayawa da ƙafarta, gashin ya daɗe kafin ya koma baƙi, kuma har ta girma ba ta kai tsawon ƙannenta ba. Amma ba wannan ne abin da ya fi zama min a rai daga safiyar nan ba.

Inna tana ba ta, loma bayan loma, sai ta fara magana, ba da ni ba, ba da Hassana ba, kamar da kwanon take yi. Na san an yi rashin yara a gidanmu kafin a haife ni, kamar kowane gida, amma ba a taɓa gaya min ko su nawa ba ne, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Ta ce, "Biyu ne. Adama ce ta fari." Ban taɓa jin wannan suna a bakinta ba, don uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ko tana raye ko ta mutu. "Sai Yahuza. Dukansu da damina, dukansu bayan yaye. Sun yi ƙiba, har mata suna shigowa kallo, ana ce min in rufe su kada baki ya kama su. Da suka tafi aka ce bakin ne. Ranar da aka ɗauki Yahuza, ƙwaryar babanku tana bayan ƙofa cike da ƙwai, sai da aka matsar da ita aka samu hanyar fita da shi."

Ta lakato sauran gwaiduwar, ta share gefen kwanon da yatsa don kada ko ɗigo ya rage, ta sa wa Ummi a baki.

Ta ce, "Na dai tsare su. Ko allurar wani ba su taɓa ɗauka ba."